Lasifika Da Amfilifaya: A Auna Kafin A Biya

   

Yau na ɗan ajiye mudu, zan yi magana a kan kayan sauti na ɗaka, watau lasifika da amfilifayar da ke tura mata wuta. Dalili kuwa shi ne, duk shekara idan kaka ta yi, aka sami ɗan rara a hannu, sai ka ga 'yan'uwanmu sun tashi daga Dawanau sun nufi Sabon Gari, wani ma ya yi saƙo har Alaba ta Ikko. Mutum ya zuba kuɗin buhu biyar ko goma a kan kayan da bai auna ba, kafin wata uku kaya na wurin mai gyara. Alhali kuwa wannan mutumin, da kwano ɗaya za a tauye masa a buhu, da sai an ji kansu har wurin sarkin kasuwa.

Ni ma na sha wannan. Ranar walimar saukar karatun babban ɗana, ina da amfilifaya ɗaya da lasifika biyu masu daɗin murya. Na ga taro zai yi yawa, sai na aro huɗu daga maƙwabta, na murɗa wayoyinsu wuri guda, uku a dama, uku a hagu. Da fari sauti ya cika gida, har ina jin kaina. Yaro ya zauna da allonsa, bai kai aya ta biyar ba sai muka ji ƙauri, sa'an nan tsit. Haka ya ƙarasa da bakinsa, mata a cikin gida ba su ji kome ba. Mai gyara ya buɗe ya duba, ya ce, "Alhaji, ai kai ka kashe ta." Tun daga ran nan na shiga majalisar waɗansu masu sha'awar wannan abu, muna zama bayan isha'i, cikinmu har da tsohon ma'aikacin gidan rediyo. Abin da na tsinta a wurinsu, na kuma gwada da kunnena, shi zan zuba muku.

Fasali na farko: yadda abin yake aiki

A cikin akwatin lasifika akwai takarda mai siffar mazurari. A gindinta an naɗa siririyar wayar tagulla, naɗin kuma yana zaune cikin maganaɗisu. Idan wutar amfilifaya ta bi ta naɗin, sai takarda ta riƙa kai da komo tana tura iska, wannan shi ne sautin da kunne ke ji. Waɗansu Amurkawa biyu, Rice da Kellogg, ma'aikatan kamfanin General Electric, su suka bayyana wannan tsari a 1925, har yau kuma a kansa mafi yawan lasifikoki suke. Akwatin ɗaka yakan zo da babba mai ba da sauti mai kauri, masu gyara na ce mata wufa, da ƙarama mai ba da siririn sauti, ana ce mata tuwita. Wani yana da ta tsakiya. Ita amfilifaya ba ta da murya. Aikinta ta karɓi ɗan raunanan sauti daga rediyo ko kaset ko wayar hannu, ta ba shi ƙarfin da zai motsa takardar nan. To, dacewar waɗannan biyu a kan adadi uku take: wat, da desibel, da om.

Fasali na biyu: wat, da mudun da ake auna shi

Abin da mai saye ke fara tambaya shi ne, "Wat nawa ce?" Mai kanti ya nuna masa kwali, an rubuta 3000 da manyan lambobi. To, ka sani wat mudu biyu gare shi. Akwai na gaskiya, watau ƙarfin da amfilifaya za ta iya bayarwa a dawwame ba tare da sauti ya lalace ba, ana rubuta shi da haruffan boko uku, RMS. Akwai kuma wanda ake rubutawa da haruffa huɗu, PMPO. Wannan ba shi da ƙa'idar da aka yi ittifaƙi a kanta, kowane kamfani da irin nasa lissafin. Kamar mutum ne ya ce buhunsa kwano ɗari ne, da ka bincika sai ka tarar da ludayi ya auna. Idan ba ka karatun boko, ka tafi da yaro ya duba maka. In babu RMS a takarda ko a bayan na'urar, ka ɗauka ba a gaya maka kome ba.

Wannan ha'inci daɗaɗɗe ne. A Amurka sai da hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kafa doka a 1974, ta wajabta wa masu sayar da amfilifayar gida su faɗi ƙarfinta na dawwama, da om ɗin da aka auna a kansa. Mu da muka haddace Suratul Muɗaffifina tun muna ƙanana mun san hukuncin mai tauye awo, ko na hatsi ne ko na wuta.

Akwai hanyar ganewa mai sauƙi. Juya bayan na'urar, kusa da wayar wuta, za ka ga an rubuta wat nawa take ci daga bango. Ba lalle ne adadin ya zo daidai da abin da take bayarwa ba. Amma idan tana cin 60, kwali kuma ya ce tana ba da 3000, to, ina ta samo sauran? Rumbu ba ya fitar da abin da ba a zuba masa ba. Dā mukan ɗaga amfilifaya mu ji nauyinta, domin babbar taransifoma alamar ƙarfi ce. Wannan yana nan ga tsofaffin ƙira, sai dai yanzu akwai waɗanda ake kira aji na D, ba su da nauyi, ba sa zafi sosai, suna kuma da ƙarfi. Saboda haka nauyi kaɗai ba hujja ba ne.

Har wa yau, wat ɗin da aka rubuta a jikin lasifika ba ƙarar da za ta yi ba ce. Iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kafin ta ƙone, kamar yadda ake rubuta tan nawa mota ke ɗauka. Mai wat 200 ba lalle ta fi mai wat 60 ƙara ba.

Masu sha'awar wannan fanni suna da wani misali da suke so. A shekarun 1970 kamfanonin Japan sun yi ta rigegeniyar yawan wat, har Pioneer ya fito da SX-1980 a 1978, mai wat 270 a kowane gefe. A wannan shekarar dai kamfanin NAD ya fito da wata 'yar ƙarama mai suna 3020, wat 20 kacal a kowane gefe. Wannan 'yar ƙaramar ta shiga cikin amfilifayoyin da suka fi sayuwa a tarihi, domin wat ɗinta na gaskiya ne, tana kuma jure lasifika mai wuyar ja. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Fasali na uku: desibel, adadin da ba a tambaya

Wannan shi ne adadin da ya kamata a fara tambaya, shi ne kuma ba wanda ke tambayarsa. Ana ba lasifika wat 1, a tsaya nisan mita 1, watau kamar kamu biyu, a auna ƙarar da ta yi. Ma'aunin ƙara shi ne desibel, ana rubuta shi dB. Mafi yawan lasifikokin ɗaka suna tsakanin 85 da 92. Ka ga tazarar kamar ba ta da yawa, amma lissafinsa ba irin na kwano ba ne. Ga ƙa'idar, a riƙe ta:

Duk ƙarin desibel 3, sai an ninka wat sau 2.
Duk ƙarin desibel 10, sai an ninka wat sau 10, a nan ne kunne zai ce ƙara ta ninka.

Saboda haka wanda ya sayar da mai wat 50 ya cika kuɗi ya sayi mai wat 100, desibel 3 kawai ya saya. Zai ji ɗan bambanci, amma ba abin da zai sa maƙwabci ya leƙo. Haka kuma lasifika mai 91 da wat 25 za ta yi ƙarar da mai 85 ba za ta yi ba sai da wat 100. Ashe ke nan kuɗin da za ka ƙara a amfilifaya, zaɓen lasifika zai iya hutar da kai shi. Kai mai sola ko ƙaramin inji, wannan maganar taka ce.

Me ya sa wata ke da yawan desibel, wata ba ta da shi? Maƙeran abin sun ce abu uku ba sa haɗuwa a akwati ɗaya: ƙanƙanta, da sauti mai zurfin kauri, da ƙarancin cin wuta. Biyu za ka samu, ka haƙura da ɗaya. Wani Ba'amurke, Paul Klipsch, ya ƙera Klipschorn tun shekarun 1940, ƙatuwa ce kamar kabad, ana ajiye ta a kusurwar ɗaki, desibel ɗinta ya haura 100, wat biyu ko uku sun ishe ta cika falo. Wani kuma, Edgar Villchur, ya fito da AR-1 a 1954, akwati ƙarami rufaffe mai sauti mai kauri, amma mai cin wuta. Ita ma BBC da muke saurare tana da tata ƙira, LS3/5A, ta tsakiyar shekarun 1970. 'Yar mitsitsiya ce, an yi ta ne domin ma'aikata su ji murya sosai a ƙuntataccen wuri kamar cikin motar ɗaukar shiri, desibel ɗinta wajen 83 ne. Har yau masu sha'awa na nemanta da tsada saboda yadda take fitar da muryar mutum, amma ba za ta yi maka walima ba.

Lasifikar masallaci mai bakin kakaki, irin ta Ahuja ko TOA, ita ma desibel ɗinta ya haura 100, shi ya sa kiran salla ke kai wa nesa da wuta kaɗan. Amma an yi ta ne domin murya ta yi nisa, ba ta da kauri, kada ka kai ta ɗaka. Waɗansunsu kuma suna da taransifoma ta layin bolt 100, ba a haɗa su da amfilifayar gida.

Fasali na huɗu: om, wanda ya kashe tawa

A bayan kowace lasifika za ka ga lamba 8 ko 6 ko 4, kusa da ita wata alama mai kama da nun da aka kife, ba ɗigo. Wannan shi ne om, ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta. Abin lura a nan, ƙaramin adadi shi ne babban kaya. Mai om 4 tana jan wuta ninki biyu na mai om 8. A bayan amfilifaya kuma, wurin da ake ɗaura wayoyi, an rubuta iyakar da take ɗauka, misali 8 zuwa 16, ko 4 zuwa 16. Kada ka sauka ƙasa da ƙaramin adadin.

Idan ka murɗa lasifika biyu a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, om raguwa yake yi. Masu 8 guda biyu sun koma 4. Masu 4 guda biyu sun koma 2. Masu 8 guda uku, irin abin da na yi, ba su kai 3 ba, tawa kuwa iyakarta 8. Baƙi uku na zaunar a akushin mutum ɗaya. Wata amfilifayar tana da mai gadi a ciki, da ta ji zafi sai ta kashe kanta. Wata fis ne zai tsinke. Wata kuma, irin tawa, sai dai ƙauri.

Idan dole ne a ƙara, akwai haɗin jere: wayar amfilifaya ta shiga ta farko, a fita daga ta farko a shiga ta biyu, a komo daga ta biyu. A nan om haɗuwa yake yi, 8 da 8 su zama 16. Amfilifaya za ta huta, sai dai wutar da za ta bayar ta ragu. Masu maɓallin A da B kuma su lura: a mafi yawansu, in ka kunna duka biyu, daidai yake da ka murɗa su wuri guda, shi ya sa ake rubuta cewa kowace kada ta gaza 8. In rubutun jikin lasifika ya goge, mai gyara zai auna maka da ma'auninsa. Mai 8 takan nuna wajen 6, mai 4 ta nuna wajen 3, wannan ba aibi ba ne.

Fasali na biyar: ƙarama ma tana ƙonawa

Mutane na zaton idan amfilifaya ƙarama ce, lasifika ta tsira. Ba haka ba ne. Idan ka murɗa ta fiye da ƙarfinta, sai ta riƙa datse kan sautin, ya fito a karce, wutar da ke isa ga tuwita ta yi yawa. Naɗin tuwita kuwa siriri ne kamar gashi, nan da nan ya ƙone. Babba ma tana ƙonawa in an matsa. Abin yi shi ne ka duba iyakar da maƙerin lasifika ya ba da, misali wat 20 zuwa 100, ka zaɓi amfilifayar da RMS ɗinta ke tsakiya ko sama kaɗan, sa'an nan da ka ji sauti ya fara karcewa ka rage. Ɗakin zama irin namu, da lasifika mai 88 ko 90, wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane gefe sun wadatar.

Kada ka raina mutuwar tuwita. Mu da muke sayen kayan nan domin karatu da tafsiri, ita ce babba a wurinmu. Haruffan safiru, watau sadi da sin da zayi, haka shin da sa mai ɗigo uku da fa, abin da ke bambanta su a kunne yana cikin siririn sauti ne. Idan tuwita ta mutu, kauri na nan, ɗaki na girgiza, amma sin da shin sun shiga juna. Yaro yana tilawa yana bin mai karatu, yana koyon harafi daga akwatin da ba ya furta shi. Gidaje nawa ne suke haka ba su sani ba? Sa kunnenka kusa da ƙaramar, da sauti kaɗan. In ba ka ji ɗan tsiii ba, ta tafi.

Fasali na shida: wutar bango

Wutarmu bolt 230 ce. Ta Japan 100, ta Amurka 120. Kayan gwanjo da yawa daga can suke. Ka duba baya kafin ka soka. Wata tana da maɓallin sauyawa, wata sai da taransifoma mai rage wuta. Wanda ya soka mai 120 a bangonmu kai tsaye, ciniki ya ƙare a nan. Kuma da yake wutar tamu tana hawa tana sauka, ka sa sitabilaiza. In an ɗauke, ka kashe amfilifaya, kada a dawo da ita da ƙarfi ta same ta a kunne. Ka bar mata iska. Na san uwargida na son rufa mata ƙyalle mai ado saboda ƙurar hunturu, to, a rufa in an kashe, a yaye in za a kunna.

Fasali na bakwai: a kanti da kuma a gida

A hatsi gani ya kori ji. A nan kuwa sai ka ji. Tafi da abin da kunnenka ya sani. Ni nakan tafi da karatun Shehu Mahmud Khalil Husari na Masar, wanda ya fara ɗaukar Alƙur'ani cikakke da tartili a 1961, ya kuma ɗauki ruwayar Warshu da muka tashi da ita, domin shi kowane harafi yana ba shi haƙƙinsa. Mai sauraron waƙa ya tafi da Shata ya ji ko kalangu na fita da kaurinsa, ko Ɗanmaraya Jos ya ji tsinin kuntigi. Mai kanti zai so ya ƙure maka murya da kiɗa mai duka, ka ce ya rage. Kuma idan kana gwada biyu, ka daidaita ƙararsu, domin kunne yakan ɗauki wadda ta fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau.

In ta hannu ce, cire ragar gaba. Duba zoben da ya kewaye takardar, na soso yakan ruɓe da shekaru da zafi. Sa yatsu ka tura takardar a hankali, daidai wa daida. In ka ji tana gogawa, naɗin ya taɓu. Leƙa ramin iska, ɓera da kyankyaso na son wurin. Amfilifaya kuma ka bar ta ta yi aiki rabin awa, ka taɓa, ka ji gefe biyu ɗaya bayan ɗaya. Ku yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida, kamar yadda muke yi a kowane ciniki.

Da ka kai gida, ja ga ja, baƙi ga baƙi, a duka biyun. In ka juya ɗaya, wannan na turawa wannan na ja, kauri ya ɓace. Kusurwa da jikin bango suna ƙara kauri, in ya yi yawa ka jawo su gaba kaɗan. Siminti tsirara da bango fayau suna amsa kuwwa, darduma da labule na gyarawa. Tuwita ta kalli kunnenka: Bature a kujera yake zama, mu da yawa a ƙasa muke, don haka kada ka rataye su can kusa da rufi. Nisan da ke tsakaninsu ya yi kusa da nisanka da kowace. Wanda kuma ba ya son wannan lissafi duka, akwai masu amfilifaya a cikinsu, maƙeri ya riga ya daidaita, sai dai su ma a tambayi RMS.

Kammalawa

Abu na ƙarshe, kunne amana ne. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyaka desibel 85 na awa 8, duk ƙarin 3 kuma lokaci ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Maƙwabci ma yana da haƙƙi, akwai mara lafiya, akwai mai jego, akwai wanda zai tashi da asuba ya yi dako. Ko karatu ne ka sa, ba a tilasta wa mutum saurare ta kan katanga.

To, 'yan'uwa, lasifika ake fara zaɓa, gwargwadon ɗaki da abin da za a ji, sa'an nan a nemo mata amfilifaya. A tambayi desibel, a tambayi om, a tambayi RMS. Mai kantin da ya amsa ukun nan, zauna ku yi ciniki. Wanda ya ci gaba da nuna maka kwali, yi masa sallama. Ƙanin yaron nan nawa ya kai izu hamsin, in Allah Ya kai mu saukarsa, lasifika biyu zan ɗaura, ba ƙari.

Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, wanda ya fi ni sani ya gyara. Haza wassalam.